Mamuda Mahauci da Dodon Kogo

Akwai wani wasa da Sallau ya koyo a wurin karatu a ƙasar waje, muke yin sa ranar Asabar bayan la'asar a barandar shagonsa na gyaran waya a Samaru. Ba karta ba ce, ba kuma dara ba. Sallau ne ke ba da labari, shi ne sarki, shi ne ɓarawo, shi ne dodo. Mu kuwa kowa da jaruminsa a takarda, an rubuta masa makin ƙarfi da na wayo. In jaruminka zai yi wani abu, sai ka jefa ɗan ludo ya raba gardama. Haka muke yi lafiya lau, sai rannan Sallau ya zo da wani tsohon littafin wasan da duk ya yi ja, ya ce daga yau an koma tsarin da. A tsarin da, in ji shi, ba a fakewa a bayan takarda. Abin da ka iya shi jaruminka ya iya. In ba ka iya ba, Allah ya jiƙansa.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne Mamuda mahauci. Jaruminsa wani boka ne da ya fi na kowa makin wayo, ya daɗe yana lallaɓa shi kamar ragon layya. Da muka shiga kogo a labarin, Mamuda ya ce zai duba ko akwai tarko, ya kai hannu zai ɗauki ɗan ludo. Sallau ya dafe shi, ya ce sai ya faɗi inda zai duba da abin da zai duba da shi. Mamuda ya ce da ido mana, da me ake dubawa? Sallau ya ce to boka ya rufta rami, ƙafa ɗaya ta karye.

Muka jawo shi da ƙyar, muka isa wata ƙofa mai kacici-kacici: mene ne ke da haƙora amma ba ya ci? Mamuda ya sosa ƙeya, ya ce kura mai azumi. Ƙofa ta ƙi buɗewa, dodo ya fito ya nufi gurgun boka.

Mamuda ya ce, “Haba Malam Sallau, bokan nan fa ya fi ni wayo nesa ba kusa ba. Ga shi a rubuce.”

Sallau ya ce, “Takarda ba ta wasa, Mamuda. Kai ne ke wasa.”

Mamuda ya ɗan yi tunani. Sai ya miƙe, ya tuɓe riga ya rataya a ƙofar shago, ya hau naɗa rawanin wani a hannun dama yadda yake yi in zai shiga filin dambe. Inuwarsa kaɗai ta rufe teburin.

Ya ce, “Na gane. Wato wayona ne wayon boka, ƙarfina ne ƙarfinsa. Kai kuma ka ce kai ne dodon, ko? Bismillah, fito fili.”

Sallau ya dubi damtsen, ya dubi nasa, ya tura masa ɗan ludo a hankali.

Ya ce, “Jefa abinka, Mamuda. Wannan dodon ɗan zamani ne.”