Yadda Ake Burge Kawun Budurwa a Cikin Mataccen Dutse

Ɗan'uwa, idan kawun budurwarka ya shekara yana ja maka rai, kullum sai "za mu duba", to wahalarka ta ƙare. Hanyar nan tawa ba ta taɓa ba da kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta, ni na gwada, kuma ga ni da aure. Bi matakan nan a jere, na yi maka alkawari cikin kwana biyu za a ba ka ranar da manyanka za su je neman aure. Ko za ka fito da mutuncinka, wannan ba ya cikin alkawarin.

Mataki na 1: Samo masaukin da ya fi ƙarfinka

Ni nawa a buhun garin masara na tsince shi. Wani kanti a garin Mogwase ya sa gasa, na cike takarda na jefa a akwati, sai ga waya wai na ci kwana biyu, mutum biyu, a wani masauki na cikin gandun daji. A ƙauyen Moruleng aka haife ni, daga bayan gidanmu ana hango wayar shingen gandun, amma shekarata talatin da ɗaya ban taɓa shiga ba. Mu namu ɗaga wa motocin baƙi hannu.

Na ce da budurwata Keneilwe ta haɗa jaka. Ta ce, "Ni? Da wane auren? Ka ɗauki Kawu Senne, shi ya tsaya mana a wuya."

Gaskiyarta. Idan wan uwar yarinya bai buɗe baki ba, ko uban da ya haife ta sai dai ya kalle ka da tausayi. Kawu Senne kuwa ya ce bai gama sanina ba, wai ya ji ana cewa ina da cika baki. Don haka kar ka kuskura ka ambaci garin masara. Ka ce masa, "Wani ɗan wuri ne da nakan je in huta."

Mataki na 2: Kar ka san kowa

Abin da ba a rubuta a takardar gasa ba shi ne, duk ma'aikatan wurin 'yan garinku ne. Mai buɗe ƙofa ajinmu ɗaya, na wuce shi da baƙin tabarau. A ɗakin cin abinci kuwa sai ga Maman Thuso, maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni lokacin da mahaifiyata take aikin asibiti.

"Otsile! Kai ne a cikin wannan takalmi mai tsini?"

Kawu yana gefena. Na gyara murya na ce, "Sannu da aiki, madam."

Ta dube ni daga tabarau har takalmi. Ta ce, "To. Sannu da zuwa, yallaɓai."

Za ka ji wani abu ya tsaya maka a ƙirji. Kunya ce, ka haɗiye ta da ruwan lemon da ake ba baƙi.

Mataki na 3: Yi wa tsoho bayanin dutse

Masani ba ya jira a tambaye shi. Da muka tsaya a barandar ɗaki, na nuna masa tsaunukan da suka kewaye mu, na ce, "Ka ga wannan, Kawu, tsohon dutse ne mai aman wuta, mu yanzu a tsakiyar bakinsa muke. Amma ya mutu tun kafin a yi mutane."

"Wa ya je jana'izar?" in ji shi.

Ya cire takalmi ya shiga banɗaki. Can sai na ji, "Otsile! Zo ka taka nan."

Na taka. Ƙasa da ɗumi, ɗumi sosai. Abin da ya kamata masani ya yi a nan shi ne murmushi. Abin da na yi shi ne, na tsinci kaina a bakin wurin ajiye motoci da jakata a hannu, ba takalmi, ba Kawu. Wata mai shara ce ta rako ni ɗaki, ta nuna mini makunni a bango, wai da gangan ake ɗumama daɓen don ƙafar baƙi.

"Ba ka ce ka saba zuwa ba?" in ji Kawu.

"Ɗakin da nake sauka mai sanyi ne."

"Uhm. Na dai ga kana da gudu."

Mataki na 4: Kira shi da dabbarsa

Wannan ka san shi tun kana yaro, amma masani yana maimaitawa. A wurinmu kowane gida da dabbarsa. Ba ka cinta, ba ka kashe ta, kuma wanda zai girmama ka da sunanta zai kira ka. Kawu mutumin garin Phokeng ne, su Kada ne. Ni kuma, tunda dole in faɗa, mu Biri ne.

Da safe aka fita da mu a buɗaɗɗiyar mota. Giwa ba ta dame shi ba, karkanda ma cewa ya yi ta yi kama da wani shugabansu na wurin haƙar ma'adinai. Amma da direba ya tsaya a bakin tafki, wani ƙaton kada yana shan hantsi, sai tsoho ya cire hula, ya sunkuyar da kai, yana gaisuwa ƙasa-ƙasa. Na yi maza na cire tawa.

Da muka dawo, wani biri ya diro kan teburinmu ya kwashe sukari. Kawu ya yi dariya har da tari. "Biri, ga yayanka ya zo ganin ko ka iso lafiya!"

Karo na farko ke nan da ya kira ni da dabbata. Daɗi ya kama ni, na shiga zuba masa kirari duk inda muka gifta. Kada, ga kujera. Kada, a kawo shayi? Duk masaukin sai da ya ji.

Mataki na 5: Zuba masa abinci da hannunka

Abincin rana jere yake a tukwane masu murfi, kowace da 'yar takarda a gabanta. Kar ka karanta. Baƙo ne ke karantawa, ɗan gida buɗewa kawai yake yi.

Na zuba masa tuwon masara da ganye, na buɗe wata tukunya, ga farin nama yana ƙamshin man shanu da lemon tsami. Maman Thuso tana tsaye a bayan teburin, ta riga ni kama ludayi.

"Otsile," ta ce a hankali, "kada ne."

Na ɗauka tsohon take nufi, tunda tun safe nake shelarsa. Na ce, "Shi ne kuwa. Babban Kada na Phokeng. A zuba masa da yawa."

"Ɗan nan, na ce maka kada ne fa."

"Na ji, madam. Ƙara."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini in na dawo daga wasa da yagaggen wando. "To, yallaɓai," ta ce, ta cika faranti.

Kawu ya ci, ya lumshe ido, ya suɗe yatsu. "Wace irin kaza ce wannan, ba ƙashi?"

"Kazar dutse ce, Kada. Nan kawai ake samunta."

"Ƙaro mini."

A zuwa na biyu ne idona ya faɗa kan takardar. Ba sai na karanta ba, an zana kada a gefe, da jelarsa da haƙoransa, yana murmushi.

Mataki na 6: Faɗi gaskiya, tunda an tare sauran hanyoyin

Na tsaya da faranti a hannu ina neman ƙarya. Maman Thuso ta ce, "Ko ka faɗa masa ko ni in faɗa. Ban goya ka don ka fara aure da wannan ba."

Na koma na durƙusa a gaban Kawu, Turawa suna kallo, wata ma ta ɗauki hoto. Tunda baki ya buɗe, sai komai ya zubo. Naman kadan da ya ci, gasar garin masarar, ɗakin mai sanyi da ban taɓa kwana a ciki ba, da matar can da na kira madam.

Ya ajiye cokali. Ya ture farantin da ya suɗe gefe.

"Shekara saba'in da uku," ya ce. "Ko fatarsa ban taɓa ɗaurawa a ƙugu ba. Da safen nan na gaishe shi."

Idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na lokacin ba, kuma na san Keneilwe ta tafi ke nan.

Kakanni sun ce wanda ya ci dabbarsa haƙoransa zubewa suke yi. Kawu ya sa yatsu biyu ya zaro nasa gaba ɗaya, ya jujjuya su, ya mayar. "Waɗannan na asibiti ne, ba su san komai ba," ya ce. "Wa da wa suka sani?"

"Ni da Maman Thuso."

"Ita ta yi nata, sau biyu ma. Kai ne mai baki. Mai baki irinka ba a barinsa yana yawo a gari da magana irin wannan. Turo manyanka Asabar mai zuwa, in ajiye ka inda zan riƙa ganinka."

Mataki na 7: Tashi

"Tashi mana," in ji Kawu, "kana tara mini jama'a. Je ka gaida uwarka da sunanta."

Na je na gaishe ta, hula a hannu. Ta ce madam ta ji, amma Maman Thuso sai ta yi shawara. Ta yi wata biyu tana shawarar.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko zubewar haƙora ne, ko ƙaya a tafin ƙafa, ko fushin maƙwabta. Duk sunayen da ke sama na canza su ban da nawa, wanda ba sauran abin da zai lalace a jikinsa. Aure na yi maka alkawari, kuma aure za ka samu. Namu shekararsa huɗu, da 'ya ɗaya, Kawu kuma duk Lahadi yana gidanmu, yana wasa da ita, yana dariya da ni. Sai dai har yau ko ruwa na miƙa masa, ba ya karɓa. Sai ya juya ya ce, "Keneilwe, zo ki duba mini mene ne wannan."