Injin Feshin da Na Kai wa Baban Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na faɗa kanal ɗin ban-ruwa a gaban surukina ba, ko da mutanen Bunkure za su yi mini alfarma su manta, kuma na san ba za su yi ba.

Ni mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf. Tun ina ƙarami, in ayarin wani babba ya wuce ta titin Zariya, kowa motocin yake kallo, ni kuwa idona na kan masu baƙin tabaran nan da ke maƙale a ƙofa. Bindigarsu ko kamu ɗaya ba ta kai ba, cikin kwat take shigewa. Me ya sa aka gajarta ta haka? Ta ina ake riƙe ta? Da na buɗe shagon gyaran waya a Kura sai na fara tara na bogi, na roba, waɗanda ko ƙuda ba za su kashe ba. (Mahaifiyata ta ce 'ya'yan mutane na tara buhunan shinkafa, nata yana tara kayan wasa.) Wadda na fi ji da ita wata 'yar gajera ce, kwaikwayon ƙirar Jamus, da kyar na same ta.

A lokacin ina neman auren Rukayya. Babanta manomin tumatir ne, a wurinsa duk wanda ba ya shiga gona malalaci ne, don haka bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wata rana a wurin zance bakina ya ja ni. Saboda masu wucewa na kasa furta kalmar bindiga, sai na ce:

"Ina da wani ɗan inji irin na ma'aikatan gwamnati. In ya fara feshi, kafin ki ƙifta ido ya share wuri."

Ni feshin harsashi nake nufi. Na manta a wannan yankin feshi ɗaya aka sani, kuma a wannan ranin tsutsa ta shiga tumatir.

Washegari Rukayya ta kira ni tana murna. "Baba ya ce ka kawo masa abin nan naka gona ya gani." Daɗi ya kama ni. Na taɓa jin ya yi farauta da ƙuruciya, na ce a raina yau ga wanda ya san darajar kaya. Na sha shadda mai sitaci, na naɗe abar a jaka, na hau babur.

Na same shi a bakin kanal tare da maƙwabtan gonarsa. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa da hannu biyu. Baba ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya leƙa bakinta da ido ɗaya, har sansanawa ya yi. Ya zaro gidan harsashin ya girgiza.

"Nan ake zuba maganin? Ai ko kofi ba zai ci ba. Ina tiyon?"

Nan na gane abin da ya faru. Kafin in haɗa kalma biyu, wani Malam Sale, tsohon ɗan sanda, ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Innalillahi! Alhaji, bindiga ce!"

Baba ya yi wurgi da ita kamar ya taɓa garwashi, sai cikin kanal. Dattawa suka baje a kunyoyin tumatir. Ni kuwa, maimakon in ba da haƙuri, me na yi? Na bi abata. Da shaddata da hulata na faɗa ruwa, na lalubo ta a cikin laka, na ɗaga ta sama ina ihu: "Roba ce! Wallahi roba ce!" (Ɗaga ta da na yi ya sa waɗanda suka fara miƙewa suka sake kwanciya.)

Da aka nutsu, Baba ya tsaya a kaina yana kakkaɓe ƙasa daga gemunsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma sallama Rukayya a zuciyata.

"Fito, yaro," in ji shi. "Tun da ka fara zuwa gidana ban taɓa ganin laka a ƙafarka ba sai yau. Tunda ka riga ka jiƙe, zo."

Ya ɗora mini injin feshi na gaske a baya, mai nauyi kamar goyon ɗan yaye. Na bi gonar nan kunya bayan kunya, shadda na ɗiga, Malam Sale na zaune a inuwa yana nuna wa jama'a yadda ake riƙe abata. Da na gama, bayana ba ya miƙuwa, Baba ya dubi tumatirinsa, ya dube ni, ya ce in turo magabatana.

Abin da na koya shi ne, in suruki ya ce ka kawo abu ya gani, ka fara tambaya me zai yi da shi. In kuwa ba ka tambaya ba, kada ka je da shadda.