Yadda Za Ka Zama Bakin Jama'a a Lokacin Yaƙi Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Ƙasarku na yaƙi? Madalla. Ba ka taɓa riƙe bindiga ba, ko tayar mota ce ta fashe sai ka nemi bayan gida? Wannan ba komai ba ne. Akwai aikin da ya fi na soja sauƙi, masu yin sa kuma sun fi sojoji tsawon rai: ka zauna gaban makirfo ka gaya wa mutane abin da suke tunani game da shugabansu. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ina tabbatar maka kafin yaƙin ya ƙare za a riƙa miƙe maka a taro ana kiranka masani. In kuwa yaƙin ya ƙi ƙarewa, to kakarka ta yanke saƙa.

Don kada ka ce tatsuniya nake maka, duk matakan an gwada su a kan mutum guda, wani mai sayar da tabarau a ɗan shagon da ke kallon ƙofar gidan rediyo. 'Yan layinsu suna kiransa Jama'a-Sun-Ce, daga baya suka gajarta zuwa Sunce, domin ko kuɗin tabarau zai gaya maka sai ya ce jama'a sun ce ya yi araha.

Mataki na 1: Zauna kusa da ƙofa

Ilimi yana da amfani, amma kusanci ya fi shi. Ranar da Allah ya ɗaga Sunce, baƙon da aka gayyata shirin muhawara ne ya maƙale a cunkoson motoci. Mai gabatarwa ya fito a guje yana zufa, ya duba hagu ya duba dama, sai ya hangi mutum zaune da tabarau a karan hanci yana kallon jarida.

"Malam, kana bin labarin yaƙin nan?"

"Dare da rana," in ji Sunce. Jaridar ta makon jiya ce, da ita yake goge gilashi.

Aka ja shi ciki. Ka lura da kyau: tabarau ne ya yi aikin. Nemi naka, ko da idonka ya fi na shaho. In an yi maka tambaya ka cire shi a hankali, ka hura masa iska, ka mayar. Masu saurare ba sa ganinka, amma suna jin shirun, kuma shiru a rediyo kama yake da zurfin tunani.

Mataki na 2: Kada ka taɓa tambayar jama'a

Nan sababbin shiga suke faɗuwa. Sunce ma ya taɓa yin wannan wautar sau ɗaya. Ya shiga shagon aski ya ce, "Jama'a, ya kuke ganin shugaba?"

Mai askin ya ce jarumi ne, tunda bai gudu ba ranar da aka fara ruwan wuta. Wanda ake yi wa askin ya ce da ma ya gudun, da yanzu an huta. Wani dattijo mai jiran layi ya ce da safe yana ƙaunarsa, amma da zarar ya je sayen man girki sai ya ji kamar ya shaƙe shi. Kafin a share gashin ƙasa, mai askin ya canza ra'ayi, wanda aka aske ya koma inda mai askin ya baro.

Sunce ya fito kansa na sarawa. Tun daga ranar ya gane jama'a ba su san abin da suke so ba sai an gaya musu. Kai ma ka riƙe wannan. Jama'a abu ne mai daɗin ambato, amma ba a son haɗuwa da su ido da ido.

Mataki na 3: Ƙera lambarka da kanka

Kada ka ce yawancin mutane na bayan shugaba, kowane mai shayi zai iya faɗin haka. Kada kuma ka ce kashi saba'in, za a gane a hanya ka tsince shi. Ka ce kashi sittin da bakwai cikin ɗari. Lamba mai ɗan karkata ita ce ke kama da wadda aka sha wahala kafin a samo.

In wani mai taurin kai ya tambayi inda ka samo ta, ka yi murmushi ka ce, "Bincike ne da ba a kai ga wallafawa ba." Gaskiya ka faɗa. Ba a kai ga yin sa ba ma.

Mataki na 4: Samo abokin gaba, ka kula da lafiyarsa

Muhawara ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Na Sunce wani tsohon ma'aikacin ofishin haraji ne da ake kira Farfesa saboda sanƙonsa. Duk mako sai su zauna fuska da fuska a ɗan ɗakin nan mai bangon soso, Sunce yana cewa tarihi zai rubuta sunan shugaba da zinariya, Farfesa yana dukan tebur yana cewa jama'a sun gaji, sun dawo daga rakiyarsa. In an kashe jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri sai su fito su hau mota ɗaya, Farfesa yana ba shi shawarar maganin basur.

Wata rana mai gabatarwa ya ce masu saurare sun fara hamma, sun haddace bakin kowa.

"To mu yi musanya mana," in ji Farfesa. "Yau kai ka zage shi, ni in yabe shi. Dama maƙogwarona ya gaji da ihu."

Suka yi. Ba wanda ya lura. Wata mata ma ta bugo waya tana yaba wa Sunce da cewa shi mutum ne mai tsayawa a kan magana ɗaya.

Mataki na 5: Koyi karanta rigar shugaba

Ba ka san inda bakin daga yake ba, ba ka san sunan kogin da ake faɗa a kansa ba. Bar wannan. Ka san abin da shugaba ya sa jiya, kuma ya ishe ka shiri guda.

In ya fito da kakin soja, ka ce yana tare da dakarunsa; in makon suka ne, ka ce wasan kwaikwayo yake. In ya bar gemu, ko dai damuwar ƙasa ta hana shi aski, ko kuma mutumin da ya kasa kula da haɓarsa ba zai iya kula da iyaka ba. In an ƙwace wani gari, "ja da baya ne na dabara." In an ƙwato shi, "dama na faɗa." Ka ajiye jimlolin biyu a aljihu daban-daban, kada ka ciro ta hagu ranar da ake son ta dama.

Mataki na 6: In yaƙin ya biyo ka har gida, ba shi wurin zama

Wannan matakin sai mai ƙarfin zuciya. Sunce yana da yaya mace, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ɗanta na fari soja ne. Wata safiya ta iso shago ba sallamar kirki, ta zauna a kan benci tana juya waya a hannu.

"Auta, yaron nan ya daina kira."

"Haba Yaya, ai kin san sabis a can."

"Kullum haka kake cewa. Na je barikinsu, sun ce in koma gida in jira. Na koma, na jira, na sake zuwa, mai gadin ma ya san ni yanzu." Ta ɗago ta dube shi. "Kai da kake shiga rediyo, manya na jin ka. Ka tambaya mini. Ba zagin kowa na ce ka yi ba. Ka ce kawai wata uwa na son ta san ko ɗanta na da rai."

Yaron nan a kafaɗar Sunce ya girma, shi ya koya masa hawan keke, shi ya raka shi tashar mota ranar tafiya yana ce masa ƙasa na alfahari da shi. Ya cire tabarau, wannan karon ba don a gani ba.

"Zan yi magana, Yaya. Yau ɗin nan."

Kai ma haka za ka ce. Alkawari ba ya cin kuɗin mota.

Mataki na 7: Kada ka bar hawaye ya tafi a banza

Da Sunce ya shiga gidan rediyo da yamma, da niyyarsa ya shiga, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Amma a baranda mai gabatarwa ya tare shi yana raɗa: makon yabo ne nasa, kuma an ce wani babba daga fadar shugaba zai saurara, ana neman masu bakin da za a riƙa kira talabijin.

Jar fitila ta kama. Farfesa ya fara da cewa iyayen sojoji sun yanke ƙauna. Sunce ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, kamar ƙofar da ta saba da iska.

"Farfesa, kai a takarda kake karanta iyayen sojoji, ni a gidanmu suke. Yau da safe yayata, uwar soja, ta zauna a gabana idonta cike da hawaye. Hawayen me? Na alfahari! Irin waɗannan iyaye, ɗari bisa ɗari suna bayan shugaba."

Mai gabatarwa ya ɗaga babban yatsa. Ka ga yadda ake yi: ba ka yi ƙarya ba gaba ɗaya, ta zo, ta zauna, ta yi hawaye. Fassara kawai ka taimaka mata da ita.

Mataki na 8: Ka san inda ake katse layi

Matsalar 'yan'uwa ita ce suna da rediyo. Da aka buɗe layin masu saurare, murya ta biyu da ta shigo Sunce ya san ta tun yana cikin zanen goyo.

"Auta, ni ce."

Ba ta jira ya amsa ba.

"Ni ban san ɗari bisa ɗari ba. Ban ce ina bayan shugaba ba, ban ce ina gabansa ba. Cewa na yi ka tambaya mini ɗana. Tunda ka manta, bari in tambaya da kaina. Ranka ya daɗe shugaba, in kana ji..."

Ƙit. Mai gabatarwa ya riga ya danna abin da ake dannawa. Ya ce a yi haƙuri, sabis ne. Sunce ya matso da makirfo.

"Kun ji dai da kunnenku," in ji shi. "Ranka ya daɗe ta ce masa. Irin ladabin da jama'a ke yi wa jagoran da suka yarda da shi ke nan."

A makon aka kira shi talabijin.

Mataki na 9: Ziyarci majiyyaci, ka dawo da rahoto

Labari ya zo daga baya: yaron na da rai, yana asibitin sojoji. Sunce ya tafi da ledar lemo, ya bi dogon ɗaki mai warin magani, gadaje jere kamar ba za su ƙare ba. Ya same shi kwance kai naɗe da bandeji, ya rame har ƙashin wuya ya fito. Yaya na zaune a gefe tana yi masa fifita. Ba ta amsa gaisuwa ba, ba ta kuma kore shi ba.

Sojan ya ga kawunsa ya yi murmushi. Sunce ya riƙe hannunsa, ya yi ta sannu, ya yi ta godiya ga Allah, har idonsa ya kawo ruwa. Can da zama ya yi nisa, sai hali ya motsa.

"Ɗana, tsakanina da kai, ya ku sojoji kuke ganin shugaba? Akwai wani ƙorafi?"

Yaron ya ci gaba da murmushi yana kallon bakinsa. Sunce ya sake tambaya, da ɗan ƙarfi.

"Ka yi ta yi, Auta," in ji Yaya, ba ta daina fifita ba. "Abin a kusa da shi ya fashe. Likita ya ce ba zai ƙara ji ba. Duk ƙasar nan shi kaɗai ya huta da kai."

Sunce ya fita baranda ya jingina da bango, ya daɗe a tsaye har wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko shi ma gado yake nema. Ya rantse a ransa ya bar wannan sana'a. Ya maimaita rantsuwar a mota, ya maimaita a ƙofar gidan talabijin, har lokacin da ake shafa masa hoda a goshi yana nan a kanta.

Sai aka kunna fitilu, aka tambaye shi halin da dakaru ke ciki.

"Yanzu daga asibiti nake," in ji shi. "Na zauna da sojan da ya ba da jininsa. Sau biyu na tambaye shi ko yana da ƙorafi a kan shugaba. Wallahi bai ce uffan ba. Murmushi kawai yake."

In ka iya wannan, ka gama karatu. Ba sauran abin da zan koya maka.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. In ka yi sallama a gidan 'yar'uwarka ka ji an rage ƙarar rediyo amma ba a amsa ba, wannan tsakaninku ne. In abinci ya daina yi maka daɗi, ka ga likita. In shugaba ya ci yaƙin, kai ka hango; in ya faɗi, dama ka sha gargaɗinsa, Farfesa zai ba da shaida. Wanda kuma ya ga wannan rubutu bai yi masa ba, ya sani shi kaɗai ne: an tambayi jama'a, duk sun ce ya yi.