Biranen da Kaka Ya Sani ta Ambulan

"…ina gajiya, Amarya? Ko sai da kika biya wajen wani saurayin kafin ki tuna kina da miji?"

"Ba gajiya, Mai-Hatimi. Wane saurayi zai kula ni, ana ganina da tsoho mai haƙori huɗu?"

"Biyar ne. Ƙirga da kyau."

"Na biyar ɗin rawa yake, ba a sa shi cikin mutane."

Ruwan la'asar bai daɗe da ɗaukewa ba, indararo na ta ɗiga cikin bokiti ɗaya bayan ɗaya. Tsohon yana kishingiɗe a kujerarsa ta katako a baranda, ya lulluɓe gwiwoyinsa da tawul. Shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya, a ɗakin da ake tace wasiƙu, shi ya sa har yau ake ce masa Mai-Hatimi. Jikarsa nas ce a wani ɗan asibitin ido, kuma tun da aka ce yana da hawan jinin ido, shekara uku ke nan, ita ke ɗiga masa magani safe da yamma. Ta ajiye jakarta a kan tabarma, ta ciro sabuwar kwalbar da ta sayo.

"Ɗaga kai. Buɗe ido, ba baki ba."

"Wannan ba irin na da ba ne. Kin sayo mini na jabu don in makance ki ci gado."

"Gadon me? Rediyon da sai an mare shi yake magana?"

Ta ɗiga masa, ta goge abin da ya gangaro da gefen tawul. Ya rufe ido kamar yadda ta koya masa. Ita kuwa ta zauna a tabarma, sannan ta ce cikin muryar wanda ba abin da ya dame shi:

"Yau na gani a waya, wai masana sun jera birane biyar da suka fi faɗa a ji a ƙasar nan."

"Da me suka auna?"

"Yawan jama'a, dogayen benaye, jirage nawa ke sauka a rana."

"Shirme. Gari da buhu ake auna shi. Ni na san garin da buhunsa sai mutum biyu sun kama, na san wanda yaro zai ɗauka da yatsa. Wa suka sa a sama?"

"Babban birni mana, inda gwamnati take."

Ya yi tsaki, idonsa a rufe. "Garin Ruwan Ƙasa ke nan. Mu a ɗakinmu kowane gari da laƙabinsa, kowanne da raminsa a kanta. Wannan duk wasiƙunsa ambulan ruwan ƙasa ne, a miƙe sambal kamar an yi musu guga, ba ƙamshi ba wari. Shekara talatin da biyar ban taɓa jin takarda ta fito daga can na ce wannan uwa aka rubuta wa ba. In na rufe ido ina ganinsa: tituna masu faɗi, fitilu a jere, ba kowa sai ƙarar takalma. Sa shi na uku, don kada a ce mun raina hukuma."

"To, ranka ya daɗe. Na biyu fa?"

"Mahaɗa. Inda layukan dogo suka haɗu suka sake rabuwa. Rubutun mutanen can a karkace yake, ya sunkuya gaba kamar yana bin mota da gudu. Layi uku an gama magana. Amma duk yayin da za a yi a ƙasar nan bana, can aka yi shi bara aka gaji. Hatta wannan ɗaurin ɗankwalin naki mai kama da kwandon da aka taka."

"Ɗaurina ya fi hularka, wadda ta ga shugabanni bakwai."

"Takwas. Kuma duk ta fi su daɗewa a kai."

Ta yi dariya har ta dafa ƙasa. Wata iska mai sanyi ta shigo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsohon ya gyara kwanciya, muryarsa ta yi ƙasa, kamar mai ba kansa labari.

"Na huɗu Kan Dutse, garin 'yan jami'a. Ko da tsakiyar bazara ka taɓa ambulan ɗinsu sai ka ji sanyi-sanyi. Ga kauri. Yaro zai cika shafi takwas don ya ce wa yarinya yana sonta. Wani lokacin ka ji ɗan tudu a ciki, busasshen fure ne. Ina jin garin kullum cikin hazo yake, mutane na tafe da littafi a hammata, ba wanda ke sauri, ba wanda ya san abin da za a ci da rana."

"Su ne fa ke zama manyan gobe."

"Shi ya sa na sa su na huɗu. Sai goben ta zo."

"Na biyar?"

"Hayaƙi. Garin masana'antu. Kowace wasiƙa da baƙin tambarin babban yatsa a gefe. In na gama tace buhunsu sai na wanke hannu sau biyu. Garin da in ka shanya farar riga ka dawo ka tarar da ta makoki. Ba don ƙarfen da suke narka wa ƙasar nan ba, da ko a jerin ba zan sa su ba."

Ta ɗauki murfin kwalbar tana juya shi a tafin hannunta.

"Ba ki tambaye ni na ɗaya ba."

"Na san dai ƙarya za ka yi mini. Faɗi."

"Teku." Ya ja kalmar a hankali. "Buhunsu in ya iso da safe, tun daga ƙofa nake sanin shi ne. Takardun sun yi laushi, gam ɗin ya saki, kamar sun kwana suna gumi. A gindin buhun sai ka tarar da ɗan farin yashi. Ta can wasiƙun ƙetare ke shigowa, masu kan sarki mai hoton tsuntsaye da jiragen ruwa. Duk abin da ya shigo ƙasar nan sai ya fara gaishe da garin nan. Da asuba ruwan yakan yi shuɗi, da hantsi ya koma kore, da yamma sai ya zama kamar an zuba narkakken tagulla. Jirage na tsaye can nesa kamar unguwa guda ta tashi tana yawo. Tsuntsaye farare suna bin masunta har gida."

"Sau nawa ka je?"

"Kowace safiya, ƙarfe bakwai da rabi."

"Mai-Hatimi, kai da ko gadar bayan gari ba ka taɓa hayewa ba! Ruwan da ya fi girma da ka taɓa gani shi ne na wannan bokitin."

"Ƙafa ce ba ta je ba. Hancina ya zaga ƙasar nan kaf, ke kuwa naki ko ƙonewar tukunya ba ya ji."

Ya buɗe ido, ya laluba tabarau ya saka. Ya dube ta, ya dubi jakar da ke buɗe a kan tabarma.

"Amarya, miƙo mini wancan."

"Wanne?"

"Ambulan ɗin da ke leƙe. Ko a makance na san takardar Garin Ruwan Ƙasa. Ba a waya kika gani ba. Me suke so da matata?"

Ta daɗe kafin ta ciro. Ba ta ba shi ba, ta riƙe a cinyarta.

"Kwas ne na shekara biyu, na aikin tiyatar ido. Mutum uku aka zaɓa a jiharmu, ina ciki. An ce in jera garuruwan nan biyar yadda nake so, gobe da safe a mayar. A ƙasa kuma akwai wani ɗan gurbi, na wanda ya ce a bar shi inda yake."

"Kin cika?"

"Gurbin ƙasan zan cika."

"Saboda me?"

"Saboda ina da wani rigimammen tsoho da ba ya yarda kowa ya taɓa masa ido."

"Uwarki tana nan."

"Mama? Ranar da na yi zazzaɓi, a hanci ta ɗiga maka."

"Hancin ya warke kuwa, tun ranar ban yi mura ba. Kawo kwalbar nan ki gani, ni ba na bukatar kowa."

Ya karɓa, ya cire tabarau, ya ɗaga kai, ya matsa. Ɗigo ya sauka a gemunsa. Ya sake, ya sauka a kunne.

"Ka gani ko?"

"Kunnen nake nufi. Ya gaji da surutunki."

Ta karɓe kwalbar tana dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Shi ma ya gani. Ya mayar da tabarau, ya juya yana kallon indararo.

"Bari in gaya miki abin da ko uwarki ba ta sani ba. Ina da shekara talatin irin wannan ambulan ya zo da sunana. Ni na tace shi da hannuna. An ba ni canjin aiki zuwa Teku. A lokacin babana ya kwanta, na ce bari ya ji sauƙi tukuna. Ya ji sauƙi kuwa, ya ƙara shekara goma sha tara yana zagina a kan na zauna. Ba su sake aiko wata takarda ba. Ban yi da-na-sanin jinyarsa ba, amma ba na son wata rana ki zauna a baranda kina ba jikanki labarin garin da ba ki taɓa gani ba. Ƙanwar uwarki tana layin baya, hannunta ba ya rawa, ita za ta riƙa ɗiga mini. Ɗauko biro. Rubuta Teku a sama."

Ta ɗauko biro, ta ɗora takardar a kan gwiwa. Ba ta rubuta ba.

"Me kuma?"

"Kaka…"

"Yau kuma ni ne Kaka? Lallai magana ta yi nauyi."

"Ni Hayaƙi nake so."

"Me? Na biyar ɗin? Na kwashe yamma guda ina jera miki ƙasa, ki tsallake teku ki faɗa murhu?"

"Can babban asibitin idon yake. Masu walda, masu narka ƙarfe, masu aikin siminti, kullum layi har bakin titi. A wata ɗaya zan ga abin da ba zan gani a shekara ba a wani wuri. Wata malamarmu daga can ta zo, ta ce akwai ranar da suka buɗe wa mutum arba'in ido. Tun ranar nake mafarkin ɗakin nan: a cire wa mutum bandeji, ya ƙifta, ya ƙifta, ya kira sunan ɗansa. Kai kana ganin ruwa yana canza launi, ni wannan nake gani."

"Za ki dawo baƙa ƙirin, in ce ban san ki ba."

"Da wane idon za ka tantance?"

"Ba tsuntsaye fa a can."

"Akwai hankaki."

"Ba jirgin ruwa."

"Akwai tirela."

Bokitin ya cika, ruwa ya fara malala ta gefe. Tsohon ya daɗe yana motsa baki kamar yana tauna wani abu, sai kuma kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Kai! Wato baƙin yatsan nan da na yi ta wankewa, masu shi ido suke nema. Ashe ni nake son zuwa Teku, na tashi zan tura ki aike. To, an kayar da ni. Sa Hayaƙi a sama."

"Masana sun ji kunya, Mai-Hatimi ya canza jeri."

"Ban canza ba. Aro na ba ki na shekara biyu. Sa Teku na biyu, ko Allah zai sa magatakardan ya yi kuskure."

Ta rubuta, yana leƙe ta saman tabarau yana cewa rubutunta kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Da ta sa hannu, ya nuna ƙofar ɗakinsa da haɓa.

"Shiga, hau kujera, duba saman sif can ciki, bayan bargo."

Ta shiga. Aka ji ƙarar jan kujera, da atishawa sau biyu. Ta fito rungume da wani akwatin fata ruwan goro, ƙura ta rufe shi, amma ƙarafunansa ko tsatsa babu. Ta buɗe. Ba komai a ciki, takardar shagon ma tana manne a murfin.

"Ranar da takardar tawa ta zo na saye shi," in ji shi. "Naki ne."

"Wannan? Da shi zan sauka a tasha? Ai sai a ɗauka daga gidan tarihi na gudo."

"Ke dai goge shi ki zuba kayanki. Shekara arba'in da shida yana jiran mota."