Ƙarfen Amalanken Taubashina

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, na ari amalanken taubashina na tafi fatsa tafkin Madarunfa. Wani tsohon masunci ya miƙo mini 'yar dalma kamar ƙwayar wake, ya ce, "Ɗaura wannan, ɗana, ta isa."

Na yi murmushi. Ni da na yi lakwal, na sha boko, wa zai koya mini nauyi? Na kwance ƙarfen da ke riƙe ƙafar amalanken, na ɗaura a zaren fatsa, na wurga iya ƙarfina.

Ƙarfen ya yi nisa kam. Zaren ne bai bi shi ba.

Haka na koma garinmu Safo, jaki a gaba, taya bisa kaina.

Har yau in taubashina ya hango ni sai ya ce, "Sarkin Ruwa, kifayen sun gama haɗa amalankensu, ko mu kai musu jakin?"