Rasuwar Dogo, Wanda Bai Taɓa Ganin Rana Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da mara mai murɗawa har yanzu, Malamar Lissafi ke sanar da 'yan'uwa mata, da duk namijin da zai iya karantawa bai kau da kai ba, rasuwar amininta kuma rufin asirinta, Dogo, babban ƙunzugunta na yadi mai wankuwa. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da misalin sha ɗaya da kwata, a bakin aiki, a gaban ɗalibai arba'in da uku. Ya rasu yana da wata bakwai a duniya.

An haifi marigayin a kan keken ɗinkin yayar Malama, wadda kowa ke kira Yaya Tela. Malama dai tana cikin matan da al'adarsu ba ta zuwa da sallama. Kwana biyun farko, audugar kanti ba ta kai mata awa guda ko ta haɗa biyu, ga ƙaiƙayi ga ƙuraje. Darasinta na Laraba kuwa biyu ne a haɗe, minti tamanin babu fita, kuma shi lissafi ba a koyar da shi ana kallon aji, dole sai an juya wa yara baya an yi rubutu a allo. Shekara shida Malama tana rubutu a karkace kamar kaguwa duk lokacin da watan ya zagayo, har yara suka ɗauka salonta ne.

Da abin ya ishi Yaya Tela, sai ta yanka tawul mai laushi ninki huɗu, ta shimfiɗa siririyar leda a ƙarƙashi, ta lulluɓe da yadi mai ruwan ƙasa, ta yi masa fukafukai biyu da maɓalli. Tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, abin da ya sa aka raɗa masa Dogo ke nan. Ranar da ta miƙa shi, tare da ƙannensa huɗu, cewa ta yi:

"Ungo, gwada wannan. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, sai rana. Rana fa na ce. Kada ki kuskura dutsen guga ya taɓa shi."

Malama ta ce ta ji. Kuma wallahi ta ji ɗin.

Duk wanda ya zauna da marigayin, kuma mutum ɗaya ce ta zauna, a kansa ma, zai shaida mai kawaici ne da haƙuri. Yakan ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa bai nuna a fuska ba. Ba shi da ƙarar tonon asirin nan ta ledar audugar kanti, wadda in aka buɗe a bayin malamai sai an ji har ofis. Gaisuwarsa ta safe kalma ɗaya ce, ƙas, ƙarar maɓallinsa, wadda a kunnen Malama take nufin je ki, ina nan. A watan farko ba ta yarda da shi ba, ta wuni tana shafa bayan siket. A na biyu ta tsaya tsam, ta juya wa aji baya gaba ɗaya, ta cika allo daga sama har ƙasa. Da ta fito sai da ta share ƙwalla a baranda don daɗi, ta ce alli ne ya shiga mata ido.

Ciwon ajalinsa a gida ya samo shi. Gidan mijin Malama gidan yawa ne, igiyar shanya ɗaya ce tak a tsakar gida, kuma daidai ƙarƙashinta surukinta Baba ke kafa kujerarsa tun da ya yi ritaya, shi da rediyonsa da abokan hira. A yi wa Baba adalci, bai taɓa hana kowa shanya ba. Kirkinsa ne ma matsalar. In hadari ya taso shi ke kwashe kaya, ya ninke su tsaf, ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya yana tambayar na wane ne wannan. Malama ta auna Dogo a hannun Baba, fukafukai a buɗe, abokan hira na leƙe, sai ta haƙura da igiyar.

Saboda haka marigayin ya yi rayuwarsa a bayan kabad ɗin kaya, rataye a ƙusa, da tawul a kansa. To ninki huɗu ba ya bushewa a duhu. Kwana biyu yana nan da danshi, har ya fara warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. A wata na huɗu, wata safiya da ake buƙatarsa bai bushe ba, Malama ta murɗa makulli ta jona dutsen guga. A nan aka ji kalmarsa ta biyu, tsss. Ta san kuka ne, amma ƙararrawar makaranta ba ta jiran kowa. Daga ranar guga ta zame masa abin kowane wata, ledar cikinsa tana tsagewa a ɓoye, shi kuma, da yake ba mai kai ƙara ba ne, bai faɗa ba.

Ranar Laraba ya cika, shiru, ko sallama babu. Malama na tsakiyar allo ta ji ɗumin nan da kowace mace ta sani yana gangarawa. Ta juyo a hankali, ta manna baya da allo, ta lallaɓa ta zauna a kujera, ta ba yara aikin aji mai yawan da ko ita ba za ta gama ba. Ƙararrawa ta buga. Malamin Tarihi ya tsaya a ƙofa da littafi a hammata.

"Malama, lokacina ne fa."

"Malam, don Allah bar mini su yau, ban gama da su ba."

Ya tafi yana murna, bawan Allah. Ita kuwa ta ci gaba da zama. Ƙofa ɗaya ce, bayin malamai yana can ƙarshen baranda, sai an wuce azuzuwa shida masu tagogi a buɗe. Ƙishirwa ta kama ta, fitsari ya matse ta, kanta na juyawa, ba ta isa ko gyara zama ba. Aka tashi makaranta yara suna jira ta fita kamar kullum, ta ce su tafi tana da littattafan da za ta yi wa maki. Awa uku tana kan kujerar nan tana jin tsoron tsayuwarta, mace mai shekara talatin da huɗu da 'ya'ya biyu.

Mai shara ce ta same ta, dattijuwa mai ƙarancin magana. Ta dubi Malama, ta dubi ƙasan kujera, ta kwance zanen da ta ɗaura kan kayan aikinta.

"Tashi, 'yata, ɗaura wannan. Kujerar ki bar mini."

Iyalan mamacin suna miƙa mata godiyar da baki ba zai iya faɗa ba.

Yaya Tela ce ta binciki gawar. Ta farke ɗinkin, ledar ta zubo a ragargaje kamar busasshen ganye.

"Kin goge shi."

"Yaya, to a ina zan shanya?"

"A igiya mana, kamar kowane wanki. Ke jinin nan sato shi kika yi?"



Marigayin ya rasu ya bar ƙanne huɗu, matsakaita biyu da ƙanana biyu, waɗanda yanzu haka suke jiƙe a cikin bokiti mai murfi, amininsa na tun ƙuruciya. Ya bar baƙin siket guda, yana jinya a ruwan sanyi, da ƙusar bayan kabad wadda har yau take kallon bango. Dutsen guga ya aiko da ta'aziyya, ba a karɓa ba. Game da magaji, Yaya Tela ta ce ta riga ta yanka tawul, amma ta rantse ba za ta miƙa shi ba sai ta ga marayun a kan igiya da idonta. Watan gobe kuwa yana tafe, da Larabarsa, da minti tamanin ɗinsa, da allon da ba ya rubuta kansa.

Za a yi wa marigayin wankan ƙarshe ranar Asabar da hantsi, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, kamar yadda aka yi wasiyya tun farko. Da azahar za a fito da shi tare da ƙannensa a shanya su a igiyar tsakar gida, babu tawul a kai, domin ya ga rana ko sau ɗaya kafin a naɗe shi. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai.

Sai dai a san cewa Malama ta riga ta ɗauki bokitin nan har bakin ƙofa sau biyu, jiya da shekaranjiya. Duka biyun Baba ya ɗago kai da fara'a ya ce, "Sannu da aiki, 'yata, bari in matsar miki da kujera," duka biyun kuma ta ce ta yi mantuwa ta koma ɗaki. Don haka ana roƙon duk macen da ta taɓa zama a kujera tana jiran kowa ya watse, in tana da hali, ta zo ta kama mata hannun bokitin. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ita kaɗai ce dai ta kasa fita da shi.