Ranar da Na Zaunar da Minista a Bakin Ƙofa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a kasuwar Balad, can ƙasar Larabawa, ba. Kafilina, mai shagon turaren wuta da nake yi wa aiki, ya ce tsohon ministan harkokin wajen Faransa zai leƙo bayan la'asar, shi kafilin kuma asibiti zai je.

"Ai kai ɗan Nijar ne, ya Malam, ka san mutanen nan," in ji shi. "Ka fitar da ni kunya, gaban shago ya zama naka." Shekara tara ina ɗakin ajiya ina jiran wannan magana.

A rediyo na san ministan, ban taɓa ganin fuskarsa ba. (Har tarihinsa na rubuta da ajami a bayan kwali: magajin gari, ɗan majalisa, minista, sannan ya nemi shugabanci Allah bai ba shi ba.)

Su biyu suka shigo. Wani dogo mai kwat, da wani tsoho gajere, gumi ya jiƙa masa riga, yana riƙe da jakar leda. Na zaunar da dogon a kujerar kafili, na miƙa masa kofin gahawa na farko, wanda a nan babba ake ba. Tsohon kuwa akwati na nuna masa a bakin ƙofa. Dogon ya riƙe kofi bai sha ba, na ce ko yanga ce ta manya.

Da na ji tsohon yana Larabci, sai na matsa kusa, Shaiɗan ya ja harshena.

"Baba, kai da kake ɗaukar masa jaka, yaya ya ji da ya faɗi zaɓe? An ce ko garinsu ba su yi shi ba."

Ya dube ni, ya ce, "Ya ji zafi, ya akhi. Har yau yana ji."

Sai dogon ya taso, ya miƙa wa tsohon kofin da hannu biyu, ya kira shi da "mushe", wato yallaɓai da Faransanci. "Mushe minista, mota ta iso."

Tsohon ya sayi turare, ya yi mini godiya, bai kai ƙarata ba. Ni na faɗa wa kafili da bakina.

"Halas, shi ke nan," ya ce, "koma ɗakin ajiya."

Komawar ba ta dame ni ba kamar yadda na taɓa ciwon dattijo, ya kuma fi ni ladabi. Yanzu ko mai kawo ruwa ne ya shigo, sai na tambayi ko shi wane ne kafin in buɗe baki.